Gani Ya Kori Ji: Rigimar Masu Karatu da Masu Fim

A fadarmu ta bakin titi, nan Tawa, ba a cika yin musu a kan littafi ba. Ƙwallo da kokawa da kuɗin buhun hatsi su ne abincin darenmu. Ran nan sai ga ɗan yayata, wanda ke shekara ta biyu a jami'a, ya zo da kwamfutarsa ya ɗora bisa benci, aka kewaye ta ana kallon kashi na biyu na fim ɗin nan na zobe, Le Seigneur des anneaux. Yaron ya ƙi kallonsa shekara da shekaru, ya ce sai ya karanta littafin tukuna. Ya kuwa karance shi kaf a hutun damina, juzu'i uku da Faransanci, aro daga wajen wani tsohon mushensu na lise. Shayi na biyu na bisa gawayi aka zo inda Faramir, wani shugaban mayaƙa, ya kama Frodon, jarumin labarin, ya gane zoben sihirin da ke rataye a wuyansa, ya ce a tasa ƙeyarsa zuwa wurin ubansa. Sai yaro ya kife kwamfuta.

"Kawu, wanga ba Faramir ba ne. Wallahi ba shi ba ne. Ƙazafi sunka yi mai."

Mai dafa mana shayi, wanda bai taɓa buɗe littafin ba amma ya kalli fim ɗin ya fi sau biyar, ya ɗaga buta sama yana zuba kumfa, ya ce, "To buɗe muna mu ida kallonmu, in ya so gobe ka kai su ƙara."

Aka yi dariya, aka ci gaba. Ni dai kalmar ƙazafi ce ta maƙale mini. Ba a yi wa wanda babu shi ƙazafi. Faramir mutumin takarda ne, wani malamin jami'a a Ingila, Tolkien, ya ƙaga shi a littafin da ya fito a 1954 da 1955. Amma yaron nan ya yi fushi irin wanda ake yi idan aka ci naman aboki a bayan idonsa. Fushin kuma ba shi kaɗai ke yinsa ba, tun fitowar fim ɗin a 2002 masu karatu a ko'ina suke wannan ƙorafi.

Ga yadda abin yake. A littafi, Faramir ya samu zoben a tafin hannunsa, sojojinsa kewaye da Frodon da abokin tafiyarsa, babu mai hana shi, amma ya kawar da kai, ya ba su guzuri ya sallame su. Shi ne mutumin da ya nuna cewa ana iya samun ɗan Adam da mulki bai ruɗe shi ba. Daraktan fim ɗin, Peter Jackson, da abokan rubutunsa sun bayyana hujjarsu da bakinsu: sun shafe fim guda da rabi suna nuna wa mai kallo cewa zoben nan ba ya ƙyale kowa, to idan wani ya zo ya ture shi cikin sauƙi, ƙarfin zoben ya zube. Ga kuma ƙatuwar gizo-gizon nan da ke ƙarshen juzu'i na biyu, sun ɗage ta zuwa fim na uku, don haka sai da suka nemo wa Frodon wani cikas. Hujja ce ta masu sana'a, kuma ba ta banza ba ce. Sai dai a ganina sun saye tashin hankalin minti ashirin da mutuncin mutum guda, cinikin kuma ya yi tsada.

Masu kare fim sukan ce ai dole a rage. Gaskiya ne, ba wanda ya musa. A wajen masu rubuta fim, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, fim na awa biyu kuwa bai wuce shafi 120 ba. Littafin Tolkien ya haura shafi 1,000. Jackson ya samu fiye da awa 9 a fina-finai uku, abin da ba kowane darakta ke samu ba, duk da haka sai da ya zubar da Tom Bombadil, dattijon dajin nan mai waƙe-waƙe, ya kuma zubar da yaƙin da su Frodon suka tarar a garinsu bayan sun dawo. Littafi na biyar na Harry Potter ya fi sauran shida kauri, fim ɗinsa na 2007 kuwa yana cikin mafi gajarta. Masoya sun yi gunaguni a kan waɗannan duka, amma gunagunin mai ciwon kai ne, kwana biyu ya wuce. Wanda ba ya warkewa shi ne na sauya hali.

Mu da muka tashi a gaban kakanni bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Kakata ba ta taɓa yin tatsuniya iri ɗaya sau biyu ba. Ran da ta gaji, Gizo ya je gidan sarki sau ɗaya maimakon sau uku. Ran da ta ji daɗi, sai ta ƙara waƙa, ta saka maƙwabciyarmu mai rowa a tsakiyar labari. Ba mu taɓa tanka mata ba. Amma wata rana wata gwaggo da ta zo daga birni ta karɓi tatsuniya, ta sa Gizo ya yi magana garau babu tsamin baki, ya ce "sarki" maimakon "saiki", har ta sa shi ya raba nama da Ƙoƙi tsakani da Allah. Kafin ta kai ƙurunƙus mun tashi mata, "Gwaggo, ba haka take ba!" Tsawon hanya da yawan ƙofofi nata ne, ta rage ko ta ƙara. Gizo kuwa namu ne. Gizo mai gaskiya wani ne dabam ya ari sunansa.

Abin da ya faru da Game of Thrones ya ƙara tabbatar mini da haka. Gidan talabijin na HBO ya fara nuna shi a 2011, a kan littattafan George R. R. Martin, wanda ya tsaya a na biyar bai fitar da na shida ba. Tun wajen zango na shida fim ya wuce littafi, ya shiga dajin da marubucin bai share ba. Da aka kammala a 2019, da kashi 6 kacal a zangon ƙarshe, mutum sama da miliyan 1 suka sa hannu a intanet suna neman a sake shi. To amanar wane littafi aka ci, tunda babu shi? Abin da ya ƙona ran mutane shi ne matar nan mai dodanni, wadda suka bi shekara takwas tana kwance bayi, ta juya cikin ƴan makonni ta cinna wa birni wuta da mata da yara. Wasu sun ce alamun suna nan tun farko, ni ma ina ganin suna nan. Gaggawa ce ta ɓata abin. Ko a unguwa aka ce maka liman ya zama ɗan fashi, za ka so a faɗa maka yadda aka yi.

Akwai kuma wani ciwo da ya fi wannan zurfi, wanda masu ƙorafi ba su cika samun bakin faɗinsa ba. Hausawa suka ce gani ya kori ji, da nufin yabon gani. A labarin almara kuwa korar ta gaske ce, ta mai gida da aka fitar wa da kaya waje. Tambayi mutum goma a Tawa kamannin Dodo, za ka samu Dodo goma. Nawa yana da dogon gashi har ƙasa, yana zaune cikin tabki irin wanda aka hana mu wanka a ciki muna yara. Tsoronsa daga rashin ganinsa yake. Marubuci yana iya cewa "wata inuwa ta taso" ya bar ka da zuciyarka ta ƙarasa aikin. Kyamara ba ta da wannan dama. Dole ta yanke hukunci: haƙora nawa, fiffike ko babu, tsawo kamu nawa. Masoya Tolkien sun daɗe suna musu ko aljanin wutar nan na cikin kogo, Balrog, yana da fiffike, don kalmomin littafin sun bar ƙofa a buɗe. Fim ɗin 2001 ya maƙala masa fiffike, kuma duk yaron da ya fara da fim ba zai taɓa ganinsa babu su ba.

Wato mai karatu ya riga ya shirya nasa fim a ka, shi ne darakta, shi ya zaɓi fuskoki, sau da yawa daga mutanen da ya sani. Ɗan yayata ya ce mini shi da yana karatu, mayen nan Gandalf da fuskar wani tsohon Buzu mai sayar da gishiri yake zuwa masa. Sai fim ya shigo kamar amarya, da kayan ɗaki na miliyoyi, da kiɗa da haske. Uwargida ba ta yi laifin komai ba, amma kowa ya san inda idon baƙi zai tafi. Yawancin abin da ake kira kare littafi, in ka tona, kishi ne na uwargida, kuma ban ga abin kunya a cikinsa ba.

Sai dai mu nan in za mu ɗaga murya a kan "asali", ya kamata mu ɗan sassauta, don ba mu taɓa haɗuwa da asalin ba. Frodon Sacquet da yaron nan ya sani sunan da Francis Ledoux ya raɗa ne a fassarar Faransanci ta 1972. Makarantar matsafan Harry Potter da yaranmu suka sani da Poudlard, da malamin nan Rogue, aikin mai fassara Jean-François Ménard ne, Bature ɗan Ingila bai san su da waɗannan sunaye ba. Abin dariya ma, da Daniel Lauzon ya sake fassara littafin Tolkien daga 2014, yana ƙoƙarin bin ƙa'idar da marubucin ya bari game da sunaye, Sacquet ya koma Bessac, wurin da ake kira Fondcombe ya koma Fendeval, sai masu karatun Faransa da yawa suka yi caa, wai an ɓata masu littafi. An matso da su kusa da mai abu, suka ce a mayar da su inda suka saba. Mu kuma da muke kallon Indiya-Hausa, inda mai ɗora murya ke sa jarumin Bombai ya yi karin maganar Kano, mun san daɗin abin da ya bi ta hannu uku kafin ya iso.

Kuɗi fa? Su ne ke riƙe da linzami, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Tolkien ya sayar da haƙƙin fim tun 1969, iyalinsa ba su da ta cewa a kan abin da Jackson ya ɗauka a Niyu Zilan. Fina-finan uku sun tara kusan biliyan 3 na dala (ta Amurka, ba tamu ta kasuwa mai tamma biyar ba), na ƙarshensu ya kwashe kyautar Oska 11 a 2004. Ɗan marubucin, Christopher, wanda ya ƙare rayuwarsa a Faransa yana tattara rubuce-rubucen ubansa, ya gaya wa jaridar Le Monde a 2012 cewa an farke cikin littafin an mai da shi fim ɗin faɗa na samari. Kamfanin da ya zuba ɗaruruwan miliyoyi ba don masu karatu ya zuba ba, sun yi kaɗan. Don mai dafa mana shayi ya zuba, da irinsa a Sin da Barazil. Masoya littafi amfaninsu shi ne su yi shela kyauta kafin fim ya fito. Da aka ga riba kuma sai aka koma kan ɗan littafin yara na 1937, Le Hobbit, mai shafi wajen 300, aka ja shi ya zama fim uku daga 2012 zuwa 2014, har da soyayyar da babu ita a takarda. A nan ban da abin karewa. Kunu ne na mutum ɗaya aka tsinka don ya ishi gayya.

Inda musu ya fi zafi a fadarmu shi ne launin fata. Lokacin da Amazon ya fitar da nasa fim mai dogon zango na duniyar Tolkien a 2022, da baƙin mutum a matsayin ɗaya daga cikin aljanun nan masu dogon kunne, wasu Turawa suka yi ta zage-zage da sunan kare littafi. Samarinmu sun rabu. Wasu suka ce sai yanzu aka tuna da mu, wasu suka ce sadaka ce ba mu roƙa ba, a ba mu namu labarin ya fi. Ni abin da nake tambayar masu zagin shi ne ina suke a 2004. A shekarar ne wata tashar Amurka ta yi fim da littattafan Terremer na Ursula Le Guin, wadda ta rubuta ɓaro-ɓaro tun 1968 cewa jaruminta Ged jan mutum ne mai duhu, yawancin mutanen tsibiran kuma ba farare ba ne. Aka ɗauko farin yaro aka ba shi. Marubuciyar da kanta ta fito ta rubuta cewa wannan ba nata ba ne. Ba a ji irin wancan ihu ba. Amanar da ke farkawa a gefe ɗaya kawai, akwai wani abu a ƙarƙashinta.

To mu dawo gida, don muna da namu misalin, kuma ya fi duk waɗannan sarƙaƙiya. A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta afka wa Lugu, a ƙasar Arewa wajen Dogon Dutsi, kafin ta zo ta yi wa Birnin Ƙonni ɓarnar da har yau ake faɗi. A Lugu suka ci karo da Sarauniya Mangu. Abin da ya rage a bakin mutanen wurin labari ne na mace mai riƙe da asirin ƙasa, sarautar da har yanzu mata ke gadonta a garin. Abdoulaye Mamani, ɗan jam'iyyar Sawaba wanda ya sha zaman gudun hijira, ya ɗauki wannan ya rubuta littafinsa Sarraounia a 1980, da Faransanci, ya kira ta sarauniya mai sihiri, ya kuma gina ta ta zama tutar turjiya ga mulkin mallaka, don abin da zamaninsa ke nema ke nan. Sai Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da littafin fim a 1986. An so a ɗauke shi a Nijar, abin bai yiwu ba, aka koma Burkina Faso ta zamanin Sankara. Aï Keïta, ƴar Burkina, ita ta fito a Sarauniya. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1987.

Fim ne mai kyau, ina faɗa da ƙarfi. Amma ranar da na fara ganinsa na zauna ina karanta rubutun Faransanci a ƙasan allo don in gane abin da Sarauniyar Lugu ke cewa, saboda da Julanci take magana. Ba'ariya, a labarin ƙasar Hausa, ba ta furta Hausa ba. A lokacin na ji abin da ɗan yayata ya ji. Da na huce kuma sai na tambayi kaina: wa zan kai ƙara, kuma da wace takarda? In na ce Hondo ya kauce wa Mamani, tsofaffin Lugu za su iya cewa Mamani ya riga shi kaucewa, don tasu Sarauniyar ta tsafi ce da kiyaye al'ada kafin ta zama ta kwari da baka. Su ma tsofaffin, kowane da yadda kakarsa ta ba shi. Yau in ka ce wa ɗan lakwal ya zana Sarauniya, mayaƙiyar littafi da fim zai zana, ita ce ta kori sauran, ita ce kuma ta kai sunan har inda bakin kaka ba zai kai ba, har ga gidan rediyo da talabijin mai sunanta a Yamai. Riba da hasara a ƙwarya ɗaya suka zo, na kasa rarrabe su. (Shi Hondo ɗin, af, da aikin ɗora murya ya riƙa samun na shirya fina-finansa. Muryar Faransanci ta Eddie Murphy da ta jakin nan na Shrek duk tasa ce. Mutumin ya san ciwon magana da bakin wani.)

Mutum ɗaya da nake ganin ya gano bakin zaren a garin nan ya zauna. Moustapha Alassane, wanda ya rasu a 2015, ya yi shekarunsa na ƙarshe a Tawa yana sana'arsa. A 1973 ya ɗauki labarin Boubou Hama na Tula, yarinyar da aka bayar ga aljanin ruwa saboda fari, ya yi fim da mutane. Amma abin da aka fi tuna shi da shi kwaɗinsa ne na zane da ƴan tsanarsa, irin na Samba le Grand na 1977. Ƴar tsana ba ta ce maka ita ce gaskiya ba. Tana nuna maka gefe, ta bar maka sauran, kamar yadda murya ke yi a duhu. Shi ya sa nake jin tsoro duk lokacin da samari suka ce ina ma Kannywood ta ɗauki littattafan yaƙin nan na kasuwa, masu sadaukai da matsafa da aljanu masu kai bakwai, ta yi masu fim. Da wane kuɗi? Mun ga yadda aljani ke fitowa idan siddabarun kwamfuta ya yi arha: farin hoda a fuska, jan haske a ido, mutum ya ɓace fat kamar an ɗauke wuta, yara suna dariya inda ya kamata su ƙanƙame juna. Waɗannan littattafai sun riga sun samu hanyarsu. Ana karanta su da murya ana turawa a WhatsApp da YouTube, ɗan kabukabu na jiran fasinja da abin ji a kunne, tela na taka keke, kowa da nasa aljanin mai kai bakwai da babu kamfanin da ya isa ya biya kuɗinsa.

Bayan sati biyu da daren nan, mai shayi ya ce a ba shi juzu'i na farko ya ga abin da ake ta kumfar baki a kai. Ya yi kwaleji kafin ya bari, Faransancinsa na nan daram. Kwana tara littafin ya yi a wurinsa, sai ga shi ya dawo da shi cikin leda, da tsinken ashana a wajen shafi na ɗari, ya miƙa wa ɗan yayata.

"Ƙanena, amshi abinka. Shekara goma sha bakwai mutum na zaune da zobe cikin aljihu bai taka ko'ina ba, sai ci da shan taba. Kuma wai shekararshi hamsin da ya tashi tafiya! Ni Frodon da na sani yaro ne mai manyan idanu. Wanga tsoho ban san shi ba."